Maganin Toshewar Hanci Da Ke Mayar Da Mutum Bawansa

Duk wanda ya zauna a Sabon Wuse, hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa, ya san cewa da zarar hunturu ya kankama, hazo yakan sauko har ya kusa shafe Dutsen Zuma daga idon matafiyi, ƙurar manyan motocin da ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna dare da rana kuma ta gauraya da busasshiyar iska, sai gari ya cika da atishawa da jan majina. A irin wannan lokaci ne kasuwar wata 'yar kwalba take buɗewa a shagunan kemis, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ake ɗiga ruwanta ko a fesa shi a hanci. Sunan da ya fi shahara a jikinta shi ne Otrivin, sinadarinsa zailometazolin, akwai kuma ɗan'uwansa oksimetazolin da ake sayarwa da sunaye iri-iri. Ma'aikacin da zai yi sammako ya kama motar Abuja, wanda toshewar hanci ta hana shi runtsawa, in ya ɗiga ya ji numfashinsa ya sarara cikin 'yan mintoci, ba mai zarginsa don ya ɗauki kwalbar nan ni'ima.

Amma fa sai an fahimci yadda hanci ke toshewa kafin a gane inda illar take. Akasarin mutane suna zaton majina ce ke tare hanya, alhali kuwa babban sababi shi ne kumburi, domin Allah cikin hikimarsa ya shimfiɗa wa cikin hanci wata tsoka mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini, wadda aikinta shi ne ɗumama iska da jiƙa ta da tace ƙurarta kafin ta isa huhu. Idan mura ko ƙura ta taɓa ta, sai jijiyoyin su buɗe su cika da jini, tsokar ta kumbura, mashigar iska ta ƙuntata. Abin da ɗigon yake yi kawai shi ne ya matse jijiyoyin nan ala tilas, kumburin ya sauka na tsawon sa'o'i kamar goma, ita kuwa murar tana nan yadda take, bai taɓa ta ba.

To, idan aka yi haka kwana biyu ko uku aka bari, an ci moriya. Idan kuwa aka zarce, sai jijiyoyin su saba da matsin, su daina amsa shi kamar da, kuma duk sa'ad da ƙarfin maganin ya gushe su buɗe fiye da yadda suke tun farko, har mutum ya wayi gari murarsa ta warke tuntuni amma hancinsa ya fi jiya toshewa. Shi kuwa, da yake bai san asalin abin ba, sai ya ce murar ce ta ƙi tafiya, ya ƙara ɗigawa. Wanda ya fara da sau biyu a yini ya koma sau huɗu, daga nan sau shida, sauƙin da yake samu yana ta gajarcewa. Misalinsa misalin wanda ya ci bashi da ruwa ne, kullum sai ya ranto sabo ya biya tsoho. Saboda wannan ne a Amurka ake rubutawa a jikin kwalin oksimetazolin cewa kada a wuce kwana 3, a takardar da ke cikin kwalayen wasu ƙasashe kuwa iyakar ba ta haura mako guda ba.

Ana gane wanda abin ya kama da alamomi bayyanannu. Kwalba ɗaya tana aljihun rigarsa, ɗaya ƙarƙashin matashin kai, wata kuma cikin mota. Yakan farka tsakar dare bakinsa a bushe, ya lalubo ta cikin duhu kafin barci ya sake ɗaukarsa. In ya yi nisa da gida ya tuna ya manta ta, sai hankalinsa ya tashi, ƙirjinsa ya riƙa bugawa. Cikin hancin yana bushewa ya yi ɓawo, haɓo ya yawaita. Akwai waɗanda suka share shekaru a wannan hali ba su taɓa faɗa wa likita ba, don a ganinsu abin bai kai a kira shi ciwo ba.

Wani zai ce ai wannan ba maye ba ne, kuma ya yi gaskiya: ɗigon ba ya gusar da hankali, hukuncinsa ba ɗaya ba ne da na kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan rahoton BBC da ya tona ɓarnarsa a Kano da Jigawa da sauran wurare. Amma ni a ganina, duk abin da ya kai bawan Allah ga cewa ba zai iya barci ko numfashi cikin natsuwa ba sai da shi, to ya mallake shi, ko da bai bugar da shi ba. Fukaha'unmu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa abin da larura ta kawo ana tsayar da shi ne gwargwadon larurar, jiki kuma amana ne. Tarihin wannan dangi na magunguna ma abin lura ne, domin a farkon shekarun 1930 an sayar da wani maganin shaƙa a Amurka mai suna Benzedrine, wanda mutane suka riƙa fasa bututunsa suna haɗiye abin da ke ciki don neman kuzari, har aka hana sayar da shi ba takardar likita a 1959. Magajinsa Benzedrex ma sai da hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kansa a 2021.

Nauyi mafi girma a wurinmu yana wuyan mai kemis, saboda shi ne likitan talaka na farko. Idan mutum ya zo karo na uku cikin wata guda yana cewa, "Malam, ba ni wancan na ɗigawa a hanci," wajibi ne ya ce masa, "Alhaji, tun yaushe kake amfani da shi?" Ribar kwalba ɗaya ba ta kai haƙƙin nasiha ba. Haka kuma mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, bai kamata a miƙa musu shi ba sai da shawarar likita.

Rabuwa da shi mai yiwuwa ce, sai dai tana bukatar haƙuri, domin kwanakin farko hancin zai rufe ruf, kafin ya fara sakewa cikin mako ɗaya ko biyu. Wasu sukan bari gaba ɗaya, wasu kuma su fara da ƙofar hanci guda, su bar ta ta warware sannan su koma ga ɗayar. Ruwan gishiri na wanke hanci yana taimakawa, likita kuma yana da wani feshi daban mai kwantar da kumburi a hankali ba tare da haifar da wannan sabo ba. Zuwa asibiti yana da wata fa'ida, ta gano abin da ya kawo toshewar tun asali, ko rashin jituwa ne da ƙura, ko karkacewar guringuntsin da ya raba hanci biyu, ko wata tsoka ce ta tsiro a ciki.

Saura batun yara, wanda ya fi tsorata ni. Ƙarfin na manya daban yake da na yara, ba a ɗiga wa jariri abin da uba ya rage. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar cewa ƙaramin yaron da ya kurɓi mililita 1 zuwa 2 na irin wannan ruwa, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, yana iya faɗawa cikin barci mai nauyi, bugun zuciyarsa da numfashinsa su ragu har ya suma. Uwar da ta tarar da kwalbar a buɗe a hannun ɗanta, ta ga yana lumshe ido ba lokacin barcinsa ba, kada ta tsaya ba shi manja ko madara, ta ɗauke shi tare da kwalbar ta nufi asibiti nan take.