Marmaro a Cikin Tukunya

Marmaro a Hausa wuri ne da ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa ko daga dutse ba tare da an haƙa ba. Sunan nan ake ara a ba wa na ƙirar mutum, irin wanda ake gani a farfajiyar otal ko a tsakiyar shataletale. Kafin zuwan inji, gangare ne yake tafiyar da shi: a janyo ruwa daga tudu, nauyinsa ya tura shi sama. Haka aka tsara marmaron nan mai zakuna 12 na fadar Alhambra a ƙasar Sifen tun ƙarni na 14. Na tukunya kuwa ba ya buƙatar kogi ko tudu. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa, ya hau ya sauko, saboda haka duk aikin ya rataya ne a kan kada ruwan ya ƙare, kada kuma ya tsaya.

Kayan aikin ba su da yawa: tukunyar ƙasa, da bahon roba mai cin lita 20 zuwa 30, da ɗan famfon lantarki wanda ake nutsarwa cikin ruwa, da tiyo, da ragar ƙarfe, da tsakuwa. Ana binne bahon ko a ajiye shi a ƙasa, a sa famfon a cikinsa, a rufe da raga, sannan a ɗora tukunyar a kan bulo biyu da aka jera cikin bahon. Tiyon yana shiga ta hujin da ke gindin tukunyar ya hau har kusa da bakinta, a liƙe gefen hujin da gam mai hana yoyo. In an kunna, tukunyar ta cika ta tumbatsa, ruwan ya bi jikinta ya ratsa tsakuwar da aka zuba kan ragar, ya koma baho.

Huda gasasshiyar tukunya kasada ce, don tana iya tsagewa. Wanda yake kusa da garin magina, kamar Mirya a jihar Damagaram ko Bubon kusa da Yamai, gara ya sa a bar masa hujin tun yumɓu yana ɗanye.

Wajen sayen famfo ne aka fi yin kuskure. Lamba biyu ake rubutawa a jikinsa: lita nawa yake turawa a awa, da iyakar tsawon da yake iya kai ruwa. Mutane sukan dubi ta farko su manta da ta biyu, alhali a wannan iyakar ruwan kusan ba ya fitowa. Idan bakin tukunya ya ɗara ruwan baho da santimita 50, famfon da zai dace shi ne mai kai ruwa mita 1 ko fiye. Mai aiki da bolt 12, ko da farantin hasken rana, ya fi mai bolt 220 aminci, musamman a gidan da ke da yara.

Tsatsafowar da take sa ruwan randa sanyi ita ce take cinye ruwan marmaro. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40, baho yana raguwa da sauri. Ruwan ne kuma yake sanyaya famfon. In ya yi ta juyawa a bushe, ƙonewa zai yi. Don haka inuwa ta fi, kuma a duba ruwan kowace safiya. Da hunturu ƙura takan toshe ɗan soson da ke bakin famfon, sai an riƙa wanke shi mako-mako.

Babbar matsalar ita ce sauro. Ba ya son yin ƙwai a ruwa mai motsi, amma da an ɗauke wuta marmaro ya zama kwantaccen ruwa a tsakar gida, kuma cikin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. In famfo zai yi kwana uku ko huɗu bai yi aiki ba, a zubar da ruwan duka. Zubarwar kaɗai ma ba ta isa, domin sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara yana manna ƙwansa a jikin mazubi, ƙwan kuma yana jure bushewa na watanni. Sai an goge cikin tukunyar da bahon da buroshi kafin a sake zuba ruwa.