Sunan Gari Ba Sai Ya Zo Daga Gabas Ba

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir har Dambatta, in ka tambayi asalin sunan gari, sau da yawa amsar ɗaya ce: wani malami ne ko maharbi ya taso daga gabas, ya yada zango, ya furta wata kalma, wataƙila ta Larabci, sai ta bi wurin. Dattawan da ke ba da wannan labari, Allah ya ƙara musu lafiya, abin da suka gada suke miƙa mana. Amma ban yarda cewa sai da irin wannan labari suna ke da asali ba.

A saurari sunayen da kansu. Rimin Gado, Kurnar Asabe, Ɗorayi, duk itatuwa ne. Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo, ruwan sha. Tudun Fulani ya faɗi yanayin ƙasar, ya faɗi waɗanda suka zauna ta. A ƙasa irin tamu, inda gona ke manne da gona, babu daji, itace shi ne alama. Manomi ba ya sare ɗorawar gonarsa, don daga kalwarta ake daddawa. A gindinta yake ajiye fartanya ya sha fura, da ita yake yi wa baƙo kwatance, ita ake nunawa ranar rabon gado in ana gardamar iyaka. Wanda ya fara cewa "mu haɗu a rimin Gado" bai san suna yake raɗawa ba.

Haka abin yake a Ingila. Oxford, mai shahararriyar jami'ar nan, ma'anarsa mashigin shanu. Tarin ƙauyukansu masu "ton" a ƙarshe, asalin kalmar gona ce ko 'yar unguwa. Tun 1923 suke da ƙungiyar da ke bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, tana duba yadda aka rubuta su a tsofaffin takardu, har da kundin ƙidayar 1086. Ba su ga ƙasƙanci a shanu ba.

Abin da ke damuna shi ne labarin baƙon gabas yana rufe bakin tambaya. Da an ji shi, ba mai ƙara cewa wa ya haƙa rijiyar, ko ina rimin ya tsaya, ko Gadon nan wane ne. Ga rimaye suna ƙarewa, gine-gine na cinye gonakin Ungogo, masu amsa waɗannan tambayoyi kuma tsofaffi ne. Malaman firamare na kowace mazaɓa za su iya zama da su, su rubuta.