Idan Wai-fai Ya Ƙi Aiki a Gida

Ya ku iyaye, a gidaje da yawa yanzu akwai wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira rauta, wanda ke rarraba intanet zuwa wayoyi da kwamfuta. Da shi yara ke aikin makaranta, da shi tsofaffin da ba su iya zuwa majami'a ke sauraron wa'azi. In ya ƙi aiki, sai gardama ta tashi, a ɗora wa yara laifi, ko maigida ya sayi sabo alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Kuɗin nan amana ne daga Ubangiji, bai kamata mu ɓarnatar da shi ba.

Kamar yadda rediyo ke da zango-zango, haka rautoci da yawa suna da zango biyu: na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na 2.4 yana kai nesa, yana ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai, ga kuma cunkoso, gama Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke aiki. Na 5 ya fi sauri, amma bangon bulo yana rage masa ƙarfi ƙwarai. Kada mu ruɗa shi da 5G na kamfanonin waya, daban suke.

To, me za mu yi?

Da fari, mu tabbata data bai ƙare ba. In duk wayoyin gidan sun kama wai-fai amma ba abin da ke buɗewa, laifin ba na zango ba ne.

Na biyu, mu cire rauta daga wuta, mu jira daƙiƙa 30, mu mayar. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Na uku, mu duba mazauninsa. A ɗora shi a bisa, a tsakiyar gida, nesa da firji da tankin ruwa, domin ƙarfe da ruwa suna tare saƙon.

Na huɗu, mu ba kowane zango sunansa. A ƙarƙashin rauta akwai takarda mai adireshi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A rubuta shi a waya, a shiga, a sa wa ɗaya "Gida", ɗayan kuma "Gida 5". Wanda ke kusa ya kama na 5, na ɗakin baya ya kama na 2.4. Waɗansu tsofaffin wayoyi ba su ganin na 5 sam, wannan ba lalacewa ba ce.

Na biyar, in maƙwabta ma suna da rauta, a canja tashar 2.4 zuwa 1, 6 ko 11, gama su ukun ba su shiga juna.

In waya ɗaya ce kawai ta ƙi, a sa ta manta da sunan, a sake rubuta kalmar sirri. Amma ɗan ramin nan na baya, kada yaro ya soka masa tsinke, domin zai share dukan abin da aka tsara.

Mu zauna tare da 'ya'yanmu mu gwada waɗannan cikin haƙuri, sau da yawa sun fi mu saurin ganewa. Allah ya ba mu hikima da salama a gidajenmu. Amin.