Maganin Maleriya: Yadda Tagwayen Sinadarai Ke Rarrabuwa a Cikin Jinin Ɗan Adam

Duk damina, zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗakunan shan magani na Zungur da sauran sassan Bauchi. Kaɗan ne daga cikin masu haɗiyar magani suka san cewa a ƙwaya guda ana iya samun sinadari mai siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu: yatsu iri ɗaya, amma safar wannan ba ta shiga wancan. Masana na kiran waɗannan tagwaye enantiyoma, kuma Louis Pasteur na Faransa ne ya fara raba irinsu a 1848.

Jiki yana bambance su, domin furotin ɗin jini da sinadaran hanta su ma suna da siffarsu. Kulorokwin, wanda aka daɗe ana sha a ƙasar nan, misali ne. Yana taruwa a cikin ƙwayoyin jini fiye da ruwan jini, abin da ya dace, tunda a jajayen ƙwayoyi ne cutar ke ɓuya. A ruwan jinin kuwa, tagwayen da ake yi wa alamar S ya fi ɗan'uwansa R maƙalewa da furotin, ya kuma riga shi barin jiki. A meflokwin tazarar ta fi haka: ɗaya kan ninka ɗayan yawa a jini, ya kuma fi shi daɗewa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɓangaren da bai maƙale da furotin ba shi ke ratsawa zuwa inda cutar take, don haka awon da ya haɗa tagwayen wuri ɗaya zai iya ɓoye wanda ke aiki da wanda ke jawo illa.

Tun 2005 Najeriya ta bar kulorokwin saboda cutar ta daina jin sa, ta koma haɗin magungunan atimisinin. Lumefantirin da ke cikin Coartem shi ma tagwaye ne, sai dai ƙarfinsu ɗaya ne a kan cutar. Matsalarsa daban ce: hanji ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo, shi ya sa ake son a sha da madara ko abinci mai mai, sau 6 cikin kwana 3.

Amodiyakwin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida a damina ba shi da tagwaye ko kaɗan.