Hawan Dutsen Dala: Karanta Tarihin Kano Daga Ƙololuwa

Dutsen Dala tsauni ne na marmara da ke cikin tsohon birnin Kano, yana da tsawon kimanin mita 534 daga doron teku. A yau matakala ce ke kai mai ziyara har samansa, kuma galibin masu hawa burinsu su hango birni. Sai dai abin da ake hangowa daga can ya wuce kallon nishaɗi, domin tsarin birnin da ke shimfiɗe a ƙasa shi kansa madogara ce ta tarihi.

Tun farko tama ce ta jawo mutane gindin dutsen. Ruwayar baka ta nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka taso daga ƙasar Gaya, yankin da Ajingi da Toranke suke a gabashin Kano, su ne suka zo neman tama suka zauna a nan, har ma ana danganta sunan birnin da wani maƙerinsu mai suna Kano. Binciken kufai ya ƙarfafa wani ɓangare na wannan ruwaya, domin an gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7.

Daga baya dutsen ya zama cibiyar addinin gargajiya. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya bayyana Barbushe a matsayin jagoran bautar Tsumburbura, mazaunin saman Dala, wanda ba ya saukowa sai lokacin bukin shekara. A wancan zamani ke nan, ƙololuwar keɓantaccen wuri ce ta mai iko. Kafuwar sarautar Bagauda wajen 999 ta fara mayar da ikon zuwa ƙasa. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuwa ya faɗaɗa ta, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi.

Waɗannan matakai su ne mai hawa yake gani a jere. Daga yamma akwai Goron Dutse, tagwayen Dala. Daga kudu maso gabas kuma ana hango Kurmi, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da harabar fada. Baturen Jamus Heinrich Barth ya hau dutsen a 1851, ya zana birnin daga sama. Bayaninsa ya nuna gonaki da sarari masu faɗi a cikin ganuwa, waɗanda birni kan dogara da su idan an yi masa ƙawanya. Mai hawa a yau rufin kwano yake gani a mafi yawan waɗannan wurare.

A nan damuwar take. A 2007 aka sanya ganuwar Kano tare da Dala, Kurmi da fada cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don neman matsayin kayan tarihi na duniya. Amma zaizayar ƙasa na cin gefen dutsen, gidaje sun matso gindinsa, sassa da dama na ganuwa kuma sun rushe ko an gine su. Duk sashen da ya ɓace, mai hangowa ya rasa iyakar da zai auna girman tsohon birni da ita. Saboda haka aikin da ke gaban masu nazari shi ne taskace wannan hange ta hanyar hotuna da taswira, a kwatanta shi da zanen Barth, tun sauran alamomin na tsaye.