Ma'aunin Aminci da Inganci a Gidan Jinyar Tsofaffi: Darasi daga Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana hanyoyin da ake bi a gane gidan jinyar tsofaffi nagari, a kuma rarrabe shi da wanda ke da kyan ɗan maciji. Abin da ake nufi da gidan jinyar tsofaffi shi ne wurin da ake ajiye mutanen da tsufa ko doguwar cuta ta kayar, har ba sa iya yi wa kansu wanka ko cin abinci ko zagayawa, ana kula da su dare da rana a hannun ma'aikatan jinya. Ya sha bamban da asibiti, domin asibiti wuri ne da akan kwanta da fatan a warke a koma gida, shi kuwa wannan sau da yawa shi ne mazaunin mutum na ƙarshe. Haka nan ya bambanta da gidan gajiyayyu da aka sani a wasu biranen ƙasar Hausa, inda matsuguni da abinci su ne kan gaba.

An zaɓi Amurka ta zama misali saboda tana da irin waɗannan gidaje kimanin 15,000, masu ɗauke da mutum fiye da miliyan 1, kuma ta daɗe tana ƙoƙarin auna su, tana dacewa a wani wuri, tana kuskurewa a wani. Darasin da tarihinta ya bayar shi ne, ingancin gida yana ga yawan ma'aikatansa da zamansu, shaidarsa kuwa tana jikin tsofaffin da ke kwance a ciki. Gini da takardu suna biyo baya ne.

Asalin Dokar 1987

A 1965 Amurka ta kafa tsare-tsaren Medicare da Medicaid, watau hanyoyin da gwamnati ke biyan kuɗin maganin tsofaffi da na marasa ƙarfi. Da kuɗin gwamnati ya samu, sai gidajen jinya suka yawaita, akasarinsu na 'yan kasuwa. Masu duba su a wancan zamani sun fi mayar da hankali ga faɗin ɗaki da tsabtar ɗakin girki da cikar fayil. Sai ya zamana gida ya cika dukkan sharuɗɗa a rubuce, alhali tsofaffinsa suna ɗaure a kujeru. Kafin ƙarshen shekarun 1980, kimanin kashi 40 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje akan ɗaure su da ɗamara ko majanyi a jikin gado ko kujera, da hujjar kada su faɗi.

A 1986 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar da rahoto mai tsanani a kan wannan hali. Shi ne ya haifar da dokar gyaran gidajen jinya wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu a watan Disamba na 1987. Dokar ta wajabta a auna lafiyar kowane mazauni a rubuta masa tsarin jinya nasa na kansa. Ta hana a ɗaure mutum ko a ɗirka masa magani don horo ko don ma'aikata su huta. Ta ce kowane mataimakin jinya sai ya sami horo na awa 75 aƙalla, kuma lalle cikakkiyar nas ta kasance a gidan awa 8 a jere kowace rana. Daɗin daɗawa, ta ce a riƙa kai ziyarar bincike ba tare da sanarwa ba, kuma kada tsakanin bincike da bincike ya wuce wata 15. Tun daga nan idon mai bincike ya tashi daga kan bango ya koma kan mutum.

Ma'aunai Uku

Wani likita mai suna Avedis Donabedian, haifaffen Berut wanda ya koyar a Jami'ar Mishigan, ya bayyana a 1966 cewa ana auna ingancin kowace irin jinya ta fuska uku. Na farko, tanadi, watau gini da kayan aiki da ma'aikata. Na biyu, aiki, watau abin da ake yi wa majinyaci kullum. Na uku, sakamako, watau abin da ya sami majinyacin daga baya. A kan wannan rabo za a bi sauran bayanin.

Na Farko: Tanadi

A ɓangaren gini, abin da ya fi muhimmanci shi ne kariya daga gobara da zafi, domin mazaunan ba sa iya gudu. A 2003 gobara ta tashi a gidaje biyu, ɗaya a Hartford ɗaya a Nashville, mutum 31 suka halaka. Bayan wannan ne gwamnati ta wajabta wa kowane gida ya sa bututun yayyafin ruwa mai buɗewa da kansa in wuta ta kama, ta kuma ba da wa'adi zuwa 2013. A watan Satumba na 2017 kuwa, guguwar Irma ta lalata wutar na'urar sanyaya ɗakuna a wani gida a jihar Fulorida, zafi ya kashe mutum 12, alhali akwai babban asibiti daura da gidan. Daga bisani jihar ta tilasta wa gidaje su mallaki janareta da man da zai riƙe su kwanaki. Abin lura a nan shi ne, rashin na'ura kaɗai bai isa ya kashe waɗannan mutane ba, har da jinkirin yanke shawarar kwashe su. Don haka mai bincike ba ya tsayawa ga ganin tukunyar kashe gobara a rataye. Yakan tambayi ma'aikacin dare: in wuta ta tashi yanzu, wa zai fara kira, kuma wa zai fara fitarwa?

Amma babban tanadi shi ne ma'aikata. Hanyar lissafinsu ita ce a tara awannin da dukkan ma'aikatan jinya suka yi a rana ɗaya, a raba da yawan mazauna. Wani bincike da aka miƙa wa majalisar dokokin ƙasar a 2001 ya nuna cewa in rabon kowane mazauni ya gaza kimanin awa 4.1 a rana, to, illa takan fara bayyana. Alal misali, gida mai mutum 100 yana bukatar awa 410, watau ma'aikata kimanin 51 masu aikin awa 8 a kowace rana, a rarrabe tsakanin safe da yamma da dare. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar awa 3.48, wadda ba ta ma kai wancan adadi ba, amma masu gidaje suka kai ƙara, wata kotun tarayya a jihar Teksas ta soke ta a 2025. Wannan jayayya ta nuna inda gizo ke saƙa, domin albashi shi ne mafi girman abin da gida ke kashewa, kuma nan ne mai neman riba yake fara ragewa.

Bayan yawa, sai zama. Wani nazari da aka buga a 2021 ya gano cewa a gida matsakaici, ma'aikatan jinyar da ke barin aiki cikin shekara guda sun kusa yawan dukkan ma'aikatan jinyar gidan. Illar wannan a fili take. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama ba ta iya cewa cikinta na ciwo. Wadda ta shekara tana yi mata wanka ita ce za ta lura yau ba ta taɓa kokonta ba, baƙuwar ma'aikaciya kuwa ba za ta ga kome ba.

Na Biyu: Aiki

Jinyar tsofaffi ƙananan ayyuka ne masu maimaituwa, waɗanda ba wanda ke yabon mai yin su, amma barinsu kisa ne. Wanda ba ya iya motsi, a bisa ƙa'idar da aka saba, akan juya shi kimanin kowace awa 2. Wanda hannunsa ke rawa sai an zauna an ba shi abinci a baki da haƙuri, ana ɗaga kansa don kada ya ƙware abincin ya faɗa huhu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, saboda haka sai an riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba. Ma'aikaci kuma sai ya wanke hannu tsakanin gado da gado.

A nan ne ya kamata a yi maganar magungunan kwantar da masu taɓin hankali. Da doka ta hana ɗauri da ɗamara, sai wasu gidaje suka koma ga ɗauri da ƙwaya, su bai wa mai gigin tsufa magani ya wuni yana gyangyaɗi. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan lalura. Duk da haka, a ƙarshen 2011 kusan kashi 24 cikin 100 na daɗaɗɗun mazauna suna shan su. Gidan da aka shiga da hantsi aka tarar da shi tsit, kowa na barci a kujera, bai kamata a yaba masa da natsuwa ba sai an duba littafin magani.

Na Uku: Sakamako

Hausawa na cewa jiki magayi. Alamar farko ita ce gyambon kwanciya, wanda kan fito inda ƙashi ya danne fata a kan katifa, kamar ƙugu da kwatangwalo da diddige. Yana da matakai 4: yakan fara da sauyin launin fata, ya zama ƙuje, ya ci nama, a ƙarshe ya kai ga ƙashi. A baƙar fata matakin farko ba ya nuna ja sosai, sai an taɓa an ji zafi ko tauri a wurin. Gyambon da ya fito bayan mutum ya shiga gida yakan zama shaida cewa ba a juya shi yadda ya kamata. Alama ta biyu ita ce rama: raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a wata 1, ko kashi 10 a wata 6, abin bincike ne. Sauran su ne yawan faɗuwa da karaya, da ciwon mafitsara, da barin robar fitsari a jikin mutum ba da dalilin likita ba, da yawan garzayawa da mazauna asibiti.

Sai dai akwai sakamakon da sikeli ba ya aunawa, shi ne mutunci. Ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga ɗakin mutum? Ana rufe labule in za a sauya masa tufafi? Ana kiransa da sunan da yake so? Yana da ikon zaɓen lokacin kwanciyarsa da yin ibadarsa? Dokar 1987 ta lissafa irin waɗannan a cikin haƙƙoƙin mazauni.

Taurari Biyar da Iyakarsu

A watan Disamba na 2008 gwamnati ta fito da tsarin bai wa kowane gida tauraro 1 zuwa 5, ana bugawa a intanet don kowa ya gani. Ana haɗa makin daga abu uku: rahoton masu bincike, da yawan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna. Tsarin ya yi amfani, amma yana da rauni, domin biyu daga cikin ukun gidajen ne da kansu suke kawo alƙalumansu. A 2014 jaridar New York Times ta nuna yadda gidaje masu mummunan rahoton bincike suke samun taurari da yawa ta wannan hanya. Saboda haka daga 2016 aka wajabta musu miƙa bayanan biyan albashi, waɗanda ake iya tantancewa, sai ga shi ya bayyana cewa gidaje da dama ba su da ma'aikatan da suke iƙirari, musamman ranakun Asabar da Lahadi. Haka kuma, da yake ba a lissafa masu wani nau'in taɓin hankali mai tsanani cikin alƙaluman magungunan da aka ambata, sai aka sami gidajen da ke laƙaba wa tsofaffi wannan cuta a takarda, har gwamnati ta fara bin diddigin abin a 2023.

Annobar korona ta ƙara tona asiri. Gidan da cutar ta fara yi wa ɓarna a 2020, a garin Kirkland na jihar Washinton, yana da taurari 5 a lokacin, amma fiye da mutum 30 suka mutu ta dalilin ɓarkewar. Zuwa farkon 2022, mazauna da ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi fiye da 200,000 sun rasu a ƙasar. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, duk ma'aunin da aka bar wa wanda ake aunawa ya cika da hannunsa, to, sai an sake auna shi.

Gani Ya Kori Ji

Saboda wannan ne iyali ko jami'i mai hankali ba ya wadatuwa da maki. Yakan karanta rahoton bincike kansa, ya ga ko laifi ɗaya ne ke maimaituwa shekara da shekara. Sa'an nan ya kai ziyara fiye da sau ɗaya, ba da sanarwa ba, da dare ko ranar hutu ko lokacin cin abinci. Yakan lura da warin fitsari da ya kama ɗaki, da faratan mazauna da haƙoransu, da ko ruwan sha yana inda hannu zai kai, da tsawon lokacin da ƙararrawar kira kan yi tana kaɗawa kafin a amsa. Yakan tambayi mataimakiyar jinya mutum nawa ke hannunta a daren nan, da shekarunta nawa a gidan. Yakan kuma nemi jami'in sauraren koke-koken mazauna, wanda tun 1978 doka ta wajabta wa kowace jiha ta samar.

Kammalawa

An ga yadda Amurka ta fara da auna gini, ta koma auna mutum, sa'an nan ta gano cewa alƙaluma ma ana iya yi musu kwaskwarima. A Nijeriya har yanzu iyali ne ke ɗauke da nauyin tsofaffinsu, amma a 2018 an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta kuma fara aiki a 2021. Duk ma'aikacin gwamnati da za a ɗora wa rubuta sharuɗɗan irin waɗannan gidaje, ko duba su, yana da abu uku da zai ɗauka ba tare da ya biya farashin da wasu suka biya ba: a ƙayyade yawan ma'aikata a tabbatar da shi daga takardar albashi, a kai ziyarar bincike ba da sanarwa ba, kuma mai bincike ya yaye mayafi, da izinin mai shi, ya duba bayan tsohon da diddigensa kafin ya sa hannu a takarda.