Kilim, Dardumar Matan Turkiyya

A ƙauyukan Anatoliya, mata ne ke saƙa kilim da gashin tumaki. Ba ta da tsiron gashi irin na kafet. Inda launi biyu suka haɗu, masaƙiya takan juyar da zarenta ta bar 'yar tsaga, shi ya sa zanen ke da kusurwoyi.

Zanen kuwa magana ce. Siffar mace riƙe da ƙugu tana nufin haihuwa, ƙahon rago ƙarfin namiji, ido kuma kariya daga kambun baka. Budurwa takan saƙa nata don kayan ɗaki.

Mai sayen tsohuwar kilim ya duba rini. Shuɗin baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, yakan daɗe da kyansa, amma rinin masana'anta na farko, wanda aka ƙirƙiro a 1856, saurin koɗewa gare shi.